Shekarar da Ilario Ya Karɓi Ranar Tumatir

Yayana Ilario ya kai shekara hamsin da uku bai taɓa soya ƙwai ba. Sai da shagon tayil ɗin da yake wa aiki ya sallame shi, ya yi wata biyu a gida yana bin matarsa Narelle daga ɗaki zuwa ɗaki, sannan ya gano ashe shi gwanin girki ne tun haihuwa, mu ne ba mu lura ba. Ya buɗe shafi a intanet, ya sa masa suna Murhun Ilario, ya shiga rubuta yadda ya koma ga girkin gida ya sami kwanciyar rai. Mabiyansa arba'in da uku ne. Tara daga ciki na san su, domin a gabana ya karɓi wayoyinsu ya danna da kansa.

Narelle ta ce mini tun da ya sami kwanciyar ran nan ba ta ƙara cin abinci da zafinsa ba. Sai an kai faranti bakin taga, an hau kujera an ɗauki hoto, an sauko an goge gefen faranti, an sake hawa. Kafin a ce bismillah man ya daskare.

Wannan duk bai dame ni ba, matsalar Narelle ce, ita ta gan shi ta ce tana so. Abin da ya hana ni sukuni Mama ce. Tun da Baba ya rasu, wata goma sha huɗu ke nan, ba ta kunna murhu ba. Matar da ta shekara hamsin tana ciyar da rabin layinmu a unguwar Fawkner ta birnin Melbourne ta koma cin abincin roba da ake kawo wa tsofaffi, shi ma cokali uku ta rufe. Rigunanta suka yi mata yawa. Likita ya duba ya ce ba ciwo. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a mota. Gaskiyar magana tsoro nake ji, domin ina ganinta tana bin Baba a hankali, ni kuma na rasa ta inda zan riƙo ta.

Wata Lahadi a farkon Fabrairu muna zaune a kicin ɗinta, ni da Ilario, sai ta ce, “Nunzia, injin markaɗen nan da duron, ki fitar da su bakin titi. Talata masu kwashe tarkace za su zo.”

Na ce, “Mama, saura mako biyu ranar tumatir fa.”

Ta ce, “Bara ma ba a yi ba, ga mu nan.”

A gidanmu, kamar kowane gidan 'yan Kalabariya da suka baro gida suka zauna a ƙasar nan, Asabar ɗaya a ƙarshen zafi ake markaɗa tumatir ɗin shekara guda, a ɗura a kwalba, a dafa kwalaben a duro. Baba ne mai inji da wuta, Mama ce mai gishiri da hukunci. Na san idan injin nan ya fita bakin titi, shi ke nan, ba abin da zai sake mai da ta kicin.

Ilario ya ajiye wayarsa a hankali, ya gyara zama.

“Ba inda injin nan zai je. Bana ni zan ja ragamar ranar tumatir.”

Mama ta dube shi. “Kai?”

“Ni. Shekara arba'in ina kallon Baba yana yi.”

“Kallo kam ka yi.”

Ba ta yi masa sharri ba. Aikin Ilario a ranar tumatir, tun muna yara, shi ne ya tsaya kusa da duro da burodi a hannu yana ba da shawara. Amma na goyi bayansa. Na yi tunanin idan Mama ta ji ƙarar injin nan, ta ji ƙanshin ɗanyen tumatir, ƙafarta za ta kawo ta ko ranta bai so ba. Wannan laifin na ɗauka, ba sai an tuna mini ba.

Shekara talatin Baba yana sayen tumatir wurin manomi ɗaya daga Shepparton, dogaye masu tsoka, marasa ruwa. Ilario ya ce ba su da kyan gani. Ya tafi kasuwa ranar Juma'a ya dawo da akwati ashirin na zagayayyun tumatir masu sheƙi. Muna saukewa, maƙwabcinmu Mista Thanasi, wani tsohon Bagirke da ya shekara arba'in jingine da shingenmu, ya leƙo.

“Ilario, salak za ka yi wa Melbourne duka?”

“Mista Thanasi, kai ba ka san hoto ba. Dubi jan nan, har magana yake yi.”

“Matse ɗaya mu ji abin da zai ce.”

Ilario ya matse. Ruwa ya bi hannunsa har gwiwa, 'ya'yan suka fantsama masa a ƙirji.

Mista Thanasi ya gyaɗa kai. “Na ji shi.”

Sai kwalabe. A gareji akwai kwalaben giya masu duhu sama da ɗari uku, waɗanda Baba ya tara yana wankewa shekara da shekaru, ga na'urar matse murfin ƙarfe a gefensu. Ilario ya ce ba zai nuna wa duniya wannan talauci ba. Ya yi odar farare guda ɗari biyu, masu dogon wuya, da matoshi na ɓawon itace. Ya buga sitika ɗari biyu da fuskarsa a jiki, sanye da doguwar hular kuku, yana murmushi. Tun ranar Alhamis ya liƙe su duka, ya jera kwalaben a kan tebur ya yi musu hoto babu komai a ciki. Ya kuma rubuta a shafi cewa kwalba ɗari biyu cif zai fitar, ko ɗaya ba za ta ragu ba.

Asabar ƙarfe shida na safe Zia Palma, ƙanwar Baba, ta iso da tsohuwar rigarta mai tabo da wuƙarta a naɗe cikin tsumma. Ilario ya tare ta a ƙofa da farar riga a hannu.

“Zia, bana kowa fari zai sa.”

“Fari? Ranar tumatir?”

“Ja ya fi fita a kan fari.”

“Shi kuma farin, ja yana fita daga kansa?”

Ta wuce shi da tabonta. Ni da Narelle muka sa, don a zauna lafiya.

Daga nan ya ce gareji ba haske, a kwaso komai a kai ƙofar gida. Muka ciccibo tebura da bokitai da inji da duro muka baje a gaban titi. Kafin ƙarfe takwas mutanen layin sun fito da kofunan gahawa sun tsaya. Ya ɗauko kujera ya sa a baranda, ya zaunar da Mama, ya ɗora mata damin ganyen ɗoɗɗoya a cinya, ya ce ita ce tushen labarin. Mama ta zauna cikin baƙaƙen kayanta, ta naɗe hannu, tana kallon wani wuri can bayan rufin gidajen mutane.

A bakin injin akwai rabin robar askirim da Baba ya ɗaure da zaren ƙarfe tun kafin in yi aure. Ilario ya kwance ta.

Na ce, “Yaya, bar wannan.”

“Shara ce. Za ta ɓata mini hoto.”

Zia Palma ta ɗauki kujerarta ta koma bayan mota.

Ya kafa wayarsa a kan sanda mai ƙafa uku, ya gyara hula, ya yi wa mabiya jawabi. Ya ce girkin gida ba a koyonsa, a jini yake. Ya ce hannunsa ya san injin nan kamar yadda ya san fuskarsa. Sannan ya cika bakin injin da tumatir ya danna maɓalli.

Ashe abin da robar take tarewa ke nan duk shekarun nan. Feshi na farko ya sami Ilario a wuya, na biyu ya sami Narelle, na uku ya tsallake shinge ya zana layi a jikin farar motar Mista Thanasi daga fitila zuwa fitila. Ilario ya shiga laluben maɓalli da ido a rufe, ya ture bokiti, ya taka abin da ya zube, ya zauna daɓas a cikin akwatin tumatir. Narelle ce ta zare filogi.

Ilario ya miƙe, ya juya wajen waya, tumatir na ɗiga daga hancinsa.

“Kun gani? Mu a nan ba ma ɓoye komai. Girkin gaskiya ke nan.”

Mista Thanasi ya ce, “Gaskiyar ta zo ta wanke mini mota in ta gama.”

Aka mai da robar. Ya ce dama ya cire ta ne don ya nuna wa mabiya amfaninta.

Markaɗen da ya fito ruwa ne tsalala, launinsa tsakanin ja da neman gafara. Zia Palma ta ce a zuba a ƙyalle a tsane ruwan kamar yadda ake yi. Ilario ya lissafa a ransa ya ga in an tsane ko kwalba tamanin ba za a samu ba, ya ce ruwan shi ne ran tumatir, ba mai taɓa shi. Gishiri kuwa daga sama yake watsa shi, hannu can bisa kai, don bidiyo, iska ta kwashe rabi ta kai wa ciyawa. Na saci kallon Mama. Na ga yatsanta ɗaya ya motsa a kan ganyen da ke cinyarta. Sai ta sake naɗe hannun.

Da rana ta take aka zo ga duro. Zia Palma ta ɗauko tsofaffin tawul da buhuna da ake shimfiɗawa tsakanin kwalabe, da dankali guda ɗaya. Baba a saman kwalabe yake ɗora dankalin, in ya nuna kwalabe sun dahu.

Ilario ya ce, “Tawul zai goge mini sitika. Dankali kuma camfi ne, ina da agogo.”

Zia ta ce, “Matoshin nan fa? Ka taɓa ganin an dafa kwalba da matoshi?”

“Zia, ke a ƙauye kika koya. Ni karantawa na yi.”

Ya jera kwalba sittin a duro, aka cika ruwa, aka kunna gas, ya rufe. Ya tsaya kusa da duron, kuma ban san daga ina ya samo ba, sai ga burodi a hannunsa.

Minti ashirin muka ji tas daga ciki. Sai wani tas. Sai tas-tas-tas kamar ana soya gugguru. Ilario ya ce alamar nuna ce. Da abin ya lafa ya ɗaga murfi, muka leƙa mu duka, har da Mista Thanasi da ya zagayo ta ƙofa a karo na farko cikin shekara arba'in. Duron ya zama tafkin jan ruwa. Matosai suna yawo a sama, kuma a tsakaninsu fuskar Ilario guda sittin, sun saki kwalabe suna juyawa a hankali cikin tafasa, kowace tana murmushi.

Mista Thanasi ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin mutum ya dafa kansa sau sittin ba.”

Ilario ya shafa haɓa, ya zagaya duron sau biyu, ya ɗaga yatsa.

“Na gano matsalar. Dafawar ce.”

Na ce, “Me?”

“Kwalaben suna lafiya lau kafin su shiga duro, ko ƙarya na yi? Sauran ɗari da arba'in ɗin ba za a dafa su ba.”

“Yaya, in ba a dafa ba zai yi tsami ya kumbura. Yaro ma ya san wannan.”

“Tunanin da ke nan. Yanzu duniya ta koma ga abinci mai rai.”

Na juya baranda. Na ce, “Mama, don Allah ki faɗa masa.” Roƙo nake yi, kuma ta san ba maganar kwalba kaɗai nake yi ba.

Mama ta miƙe, ta karkaɗe ganyen daga cinyarta. Ta ce, “Ai ya yi kallo shekara arba'in.” Ta shige ciki ta rufe ƙofa.

Ban taɓa jin na karaya kamar lokacin nan ba. Na tsaya a tsakiyar titi cikin farar riga da ta zama ja, ga ɓarnar akwati ashirin, ga Mama ko juyowa ba ta yi ba. Na kama Ilario ta kwala na sa ya rantse zai sauya murafe ya dafa su a gidansa da zarar ya gama hoto. Ya rantse, ya loda kwalba ɗari da arba'in a motarsa, ya bar mana wanke-wanke.

Bai dafa ba. Ranar Litinin ya ɗaura wa kowace jan ƙyalle a wuya ya shiga rabo. Mai aski ya samu, likitan haƙori ya samu, Fada Anselmo na cocinmu ya samu shida. Hamsin ya kai kulob ɗin 'yan garinmu ya ajiye a sito, domin ya roƙi shugaban kulob ya ba shi minti goma a liyafar ƙarshen wata ya nuna gwaninta kai tsaye. A makon nan kuwa zafi ya yi abin da ya saba a Fabrairu a ƙasar nan, digiri arba'in da ɗaya, arba'in da biyu, kwalta har tana kama takalmi.

Ranar Alhamis ina gidan Mama waya ta yi ƙara. Mai aski ne.

“Nunzia, ki gaya wa mahaifiyarki ina girmama ta, amma markaɗenta ya harbi madubina ina tsakiyar yi wa mutum gyaran gemu.”

“Markaɗenta? Na Ilario ne.”

“Sunanta ne a jiki.”

Na fita gareji na tono sitika ɗaya daga shara. Ni duk fuskar nake gani, ban taɓa karanta ƙananan haruffan da ke ƙasa ba. An rubuta: Girkin Mama Filomena, daga hannunta zuwa teburinka. Na cusa sitikar a aljihu, na koma na ce wa Mama masu talla ne.

Mista Thanasi shi tun ranar da aka ba shi tasa ya kai ta ƙarshen lambu ya kifa mata bokitin ƙarfe. Ranar Juma'a yana ban ruwa bokitin ya yi tsalle. Narelle ta kira ni daga ɗakin wankinsu, inda guda ashirin suka tashi a jere da tsakar rana. Ta ce silin ɗin ya zama abin kallo, kuma warin ya kori kyanwarsu daga gida.

Na sami Ilario na ce ya janye daga liyafar nan.

“Janye? Kin san abin da fashewar nan take nufi? Ƙarfi. Markaɗen kanti ya taɓa ɗaga bokiti?”

“Yaya, sunan Mama ka sa.”

“Girmamawa ce. Kuma na gyara matsalar. Matoshin ne bai da riƙo.”

Gyaran da ya yi shi ne ya je siton kulob da kirtani, ya ɗaure matoshin kowace kwalba tamau, ya ɗiga kakin kyandir a kai. Ya ce yanzu ko aljani ne a ciki ba zai fito ba.

Na so in hana Mama zuwa, amma ranar ce za a kafa sunan Baba a allon waɗanda suka gina kulob ɗin, kuma Zia Palma ta riga ta goge mata riga. Mutum ɗari da hamsin ne a zauren, an ci an ƙoshi, fankoki suna juyawa a sama. Abincin Mama yana gabanta ba ta taɓa ba. A gaban zaure, daidai taga inda rana take dukan gilashi, Ilario ya gina dala da kwalba hamsin, ya kafa wayarsa, ya sa doguwar hula.

Ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce mutane sun manta daɗin girkin gida, shi ne Allah ya tashe shi ya tuna musu. Ya ce abin da ke cikin kwalbar nan bai ga wuta ba, bai ga wahala ba, yana nan da ransa. Ya gayyaci Fada Anselmo ya matso ya fara shaƙar ƙanshin. Fada mutumin kirki ne, ba ya ƙin gayyata. Ya sunkuyo.

Ilario ya yanke kirtani.

Matoshin ya wuce ta gefen kunnen Fada ya kashe ƙwan fitila. Abin da ya biyo bayansa bai kauce wa Fada ba, ya wanke shi daga goshi zuwa ɗamara, ragowar ta yi sama ta sami fanka, fanka kuwa ta raba wa kowa daidai ba son kai. Ilario ya ja da baya ya daki tebur. Dalar ta rushe. Kwalba arba'in da tara, waɗanda suka yi mako suna tara fushi, suka gangara ƙarƙashin teburan mutane suna girgiza, kirtani yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin da suka shekara goma suna dogara sanda suka haye kujeru. Shugaban kulob ya shige ƙarƙashin tebur, ya tarar da kwalba biyu suna jiransa a can. Wari ya cika zauren, irin na juji a ranar zafi.

Da harbin ya tsaya, Ilario ya leƙo daga bayan labule ya ce wa wayarsa, “Kamar yadda kuka gani, yana da rai.” Masu kallo shida ne. Ɗaya Narelle ce, daga cikin mota a waje, da gilashi a rufe.

Wani ya fara dariya, sai zauren duka ya ɗauka. Ana cikin haka Donna Saveria ta sunkuya ta ɗauki kwalba ɗaya. Ita da Mama jirgi ɗaya ya kawo su ƙasar nan, kuma tun a jirgin ba su taɓa yarda da girkin juna ba. Ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi, kalma kalma.

“Girkin Mama Filomena. Daga hannunta.” Ta dafe ƙirji. “Allah sarki. Ku daina dariya, jama'a, ba kyau. Ba laifinta ba ne, tun da mijin ya rasu ba ta dawo daidai ba. Hannun ya tafi. Filomena, kar ki damu, gobe zan aiko miki da kwalba biyar daga nawa.”

Dariyar ta mutu. Kowa ya juyo yana kallon Mama da idon tausayi, wasu mata har suna girgiza kai. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na kama hannunta zan fitar da ita.

Ta fizge hannun. Ta ɗauki tsumma ta goge tumatir daga kumatunta, ta dafa tebur ta miƙe.

“Saveria, riƙe kwalabenki. Shekara hamsin kina zuba sukari a tumatir, kowa a zauren nan ya sani, kunya ce ta sa muke yin shiru.”

Donna Saveria ta buɗe baki.

“Ban gama ba. Wannan abin,” ta nuna silin, “ɗana ne ya yi shi. Ni na haife shi, ba zan musa ba, amma hannuna bai taɓa shi ba. Asabar mai zuwa, ƙarfe shida, a garejina. Duk wanda abin nan ya taɓa wa riga ya zo ya karɓi kwalba. Fada, kai uku. Nunzia, ɗauko mota. Ilario, cire hular nan.”

Ya cire.

Muka kama hanyar gida. Ilario yana baya a kan jaridu, tagogi duk a buɗe. Muna wuce shagon kayan miya Mama ta ce in tsaya. Ta shiga ta latsa tumatir ɗaya bayan ɗaya, ta mai da goma sha biyu, ta zaɓi takwas, ta gaya wa mai shagon ya ji kunya. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta tana masifa, kuma ban taɓa jin daɗin masifar mutum haka ba.

A gida ta wuce kicin ko jaka ba ta ajiye ba. Murhun ya yi ƙyas-ƙyas sau huɗu kafin ya kama. Ta sa mai, ta daddaka tafarnuwa da gefen wuƙa, ta yanka tumatir a tafin hannu ba tare da ta duba ba. Tana juyawa ta maƙale waya a kafaɗa ta kira manomin Shepparton, ta ce akwati ashirin da biyar, dogaye, kuma in ya kawo mata na ƙarshen gona za ta sani. Ƙanshi ya cika gidan. Na shiga ɗakin wanki na kunna famfo na yi kukana, na wanke fuska na fito na jera faranti.

Muka zauna mu uku. Taliya ce kawai da miyar tumatir, ba nama ba komai. Mama ta cinye farantinta, ta miƙo mini in ƙara mata. Ilario ya ci shiru kusan minti biyar, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ga ɓawon tumatir har yanzu a girarsa. Sannan ya sunkuyo wajena da cikakken baki, ya rage murya.

“Kin gani ko, Nunzia? Abin da na tsara ke nan tun farko.”

Ludayi yana hannuna, kuma kansa yana kusa. Na dubi Mama, tana goge faranti na biyu da burodi. Na ɗebo na ƙara masa.